Ɗan Kasuwa da Sammaci: Amsar Kawu

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na yi murna da ka kammala makarantar horon lauyoyi. Allah ya sa albarka. Ka tambaya ko gaskiya ne a al'adarmu abin kunya ne ɗan kasuwa ya kai ɗan'uwansa ƙara, in kuwa haka ne, wa zai nemi lauyan rikicin kasuwanci a Birnin Kebbi.

Gaskiya ne ana jin nauyin abin, amma ba ƙin doka ya kawo shi ba. Dubi cinikin albasar Aliero ko shinkafar fadamar Argungu. A loda mota ta nufi Kudu ba a biya ko sisi ba, sai an sayar a turo kuɗi. Amana ce jarin. Ranar da sammaci ya shiga tsakanin mutum biyu, huldarsu ta mutu, kuma sauran 'yan kasuwa za su fara ɗari-ɗari da wanda ya kai ƙarar, ko da shi ke da gaskiya. Ga kuma tsoron da magabata suka faɗa, cewa shari'a mace ce da ciki. In aka ɗaukaka ƙara sai Sakkwato, daga nan Abuja, shekaru na tafiya jari na kwance.

Shi ya sa a kasuwa irin ta Jega magana ke bin matakai. Dillali ake fara kira, don a gabansa aka yi sallama kuma ya karɓi la'ada. In ta gagara, sai shugabannin 'yan sana'ar, sai Sarkin Kasuwa, sai hakimi ko malami. A yi rangwame, ko a raba bashin a biya kaɗan-kaɗan, ko a ɗaga wa mutum ƙafa zuwa kaka. Tushen yana cikin addini: aya ta 128 a Suratun Nisa'i ta ce sulhu alheri ne, hadisi kuma ya halatta shi muddin bai halatta haram ko ya haramta halal ba.

Sai dai akwai inda abin ke ci mini rai. Sau da yawa "a yi haƙuri" kan ƙarami take faɗawa. Mutum ya rasu yana haɗin jari da abokinsa, ba takarda, ba shaida, a zaunar da matarsa da marayu a ba su abin da aka ga dama, a shafa fatiha. Wannan zalunci ne, ko da dattawa suka yi shi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, mu kuwa muna jin kunyar ce wa aboki ya sa hannu. Yanzu kuma manomi na ƙulla yarjejeniya da banki da kamfanin casar shinkafa, takardu cike da sharuɗɗan Turanci da Sarkin Kasuwa ba zai iya warwarewa ba. A nan ake buƙatarka.

Ita kanta dokar ta dawo hanyarmu. Legas ta buɗe zauren sasanci a harabar kotu tun 2002, sannan dokar sasanci ta tarayya ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta ba kotu ikon tilasta cika sulhun da aka rubuta aka sa wa hannu. Ka ƙware a kotu sosai, don mai taurin kai ba ya zama sulhu sai ya san kana iya kai shi gaban alƙali. Amma kada ka zama lauyan ɓangare ɗaya kuma mai shiga tsakani a magana guda. In ka shiga zaman dattawa, ka gaishe su, ka bari su gama, sannan ka nemi izinin rubuta abin da aka amince a karanta wa kowa da Hausa.

In ka zo hutun Sallah zan kai ka ka ga irin zaman da idonka. Ka gaida mahaifiyarka.