Hukuncin Karanta Falsafar Siyasar Turawa a Jami'a

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibi ne a sashen kimiyyar siyasa, kuma a wannan zangon an ɗora mana darasin tarihin tunanin siyasar Turawa, tun daga Aflatun da Aristo har zuwa Karl Maks. Kawuna ya ga takardun a ɗakina, ya ce malamai sun haramta falsafa, don haka in bar darasin. Mene ne hukuncin karanta shi, da kuma rubuta ra'ayoyin waɗannan mutane a jarrabawa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, karanta wannan darasi ya halatta ga wanda ya san farillan aƙidarsa, kuma tsoron da kawunka ya ji yana da asali, sai dai ya faɗaɗa hukuncin fiye da yadda malamai suka faɗaɗa shi.

Wanda aka fi kafa hujja da shi wajen sukar falsafa shi ne Imam Al-Gazali, wanda ya rasu a 1111. Da aka koma ga maganarsa sai a tarar ya kafirta masana falsafa ne a mas'aloli uku: cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san ƙananan al'amura ɗaya bayan ɗaya ba, da musun tashin jikkuna ranar alƙiyama. A littafinsa Al-Munƙiz minad Dalal ya kasa iliminsu gida shida, kuma da ya zo kan ɓangaren siyasa sai ya ce maganarsu a nan tana komawa ne ga hikimomin maslahar duniya da tafiyar da mulki, bai yanke mata hukuncin da ya yanke wa maganarsu kan Ubangiji ba. Ibn Rushd kuwa, alƙalin Ƙurɗuba, Bamalike, mai Bidayatul Mujtahid da muke karantawa a zaure, ya yi sharhi a kan littafin Aflatun na tsarin jamhuriya, ya kuma faɗi cewa ya yi haka ne saboda littafin siyasa na Aristo bai zo hannunsa ba.

Dalili daga sunna shi ne abin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Huzaifa, Allah ya yarda da shi, cewa mutane suna tambayar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da alheri, shi kuwa yana tambayarsa game da sharri don tsoron kada ya riske shi. Sayyidina Umar ya ɗauki tsarin diwani, wato rajistar sunayen mayaƙa da rabonsu daga baitulmali, daga Farisawa. Amma hadisin da ake yawan kawowa, na cewa hikima ɓataccen kayan mumini ce, malaman hadisi sun raunana isnadinsa, don haka ban gina hukunci a kansa ba.

Abin da nake so ka riƙe yayin da kake karatu shi ne bambanci tsakanin kayan aikin mulki da tushen aƙida. Da Monteskiyu, masani ɗan Faransa, ya rubuta a 1748 cewa a raba ikon yin doka da na zartarwa da na shari'a don kada su taru a hannun mutum ɗaya, magana ce ta maslaha, a kanta aka gina kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, kuma 'yancin alƙali abu ne da fiƙihu ya sani tun daga wasiƙar Umar zuwa ga Abu Musa Al-Ash'ari. Makiyabeli, marubuci ɗan Italiya, daban ne. A littafin da ya rubuta wa masu mulki a 1513 ya ce shugaba ya karya alkawari idan cika shi zai cutar da shi, kuma ya nuna wa talakawa shi mai addini ne ko da ba haka yake ba a zuciyarsa. Wannan ka karanta shi don ka gane shi idan ka gan shi a dandalin yaƙin neman zaɓe, amma aiki da shi haramun ne, domin saɓa alkawari yana cikin alamomin munafuki. Haka nan ginshiƙin Maks na cewa abin duniya ne kaɗai ke juya tarihi, kuma addini banju ne ga talaka, ƙudurce shi kafirci ne, ko da kuwa bayaninsa kan zaluntar ma'aikata yana da gaskiya a ciki.

Sannan ka lura da inda waɗannan ra'ayoyi suka tsiro. Hobs, masani ɗan Ingila, ya fitar da littafinsa na siyasa a 1651, shekara biyu bayan an fille kan sarkin Ingila, kuma Turai ba ta daɗe da fita daga yaƙin shekara talatin ba, wanda ya ƙare a 1648, yaƙin da rikicin Katolika da Furotesta ya hura wutarsa. Kiran da Lok, shi ma ɗan Ingila, da waɗanda suka biyo shi suka yi na raba coci da gwamnati magani ne na ciwon da suka gani a ƙasarsu, kuma kuskuren ɗalibai da yawa shi ne ɗaukarsa hukunci a kan kowane addini.

Game da jarrabawa, ƙa'idar malamai ita ce mai hikaito kafirci ba kafiri ba ne, kuma Alƙur'ani da kansa ya hikaito maganar Fir'auna. Ka rubuta cewa Ruso ya ce kaza, Maks ya ce kaza, ka jingina kowace magana ga mai ita.

Sharaɗin da na ambata a farko shi ma daga Al-Gazali yake, domin ya ce wanda bai iya iyo ba a hana shi kusantar gaɓar teku. Idan shubuha ta shige ka, ka kai ta gaban malami kafin ta kwana biyu a zuciyarka, kuma ka haɗa karatunka da Al-Ahkamus Sulɗaniyya na Al-Mawardi, da Muƙaddima ta Ibn Khaldun, da Diya'ul Hukkam na Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo. Ka karanta wa kawunka wannan amsa cikin ladabi, ka nuna masa takardun darasin ya ga abin da ke ciki.

Wallahu a'alam.