Gwaggo, ga amsar maganar bishiyar Kirsimetin da kika gani a hoto

Gwaggo, ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Saƙonki ya iso. Na gane abin da ya tayar miki da hankali: hoton falon nan mai bishiya da fitilu, wanda aka ce miki gidan Bahaushe ne a Akra. Kin tambaya ko mun fara yin Kirsimeti ne. Kin kuma ce ana son a riƙa ba baƙin Sallah hayar gidan da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, a faɗa muku yadda muke shirya namu. Zan haɗa amsar biyun, don a haɗe suke.

Babu wani namu da ke zaune a gidan da kika gani. Masaukin baƙi ne, irin wanda ake kamawa na kwana uku ko mako biyu ta manhajar kama masauki ta Airbnb ko ta waya. Tun 2019 da gwamnatin Gana ta gayyaci jikokin bayin da aka kai Amurka su zo su ga tushensu, watan Disamba ya zama kakar wannan sana'a. Daga tsakiyar wata zuwa makon farko na Janairu, gidajen unguwannin Osu da Labone da East Legon cika suke yi. 'Ya'yan Nima da Mamobi da Sabon Zongo na cikin masu kula da su, wasu nasu ne, wasu riƙo aka ba su.

Kuma ba yau muka fara saukar baƙo ba. Sunan unguwanninmu ma zango ne, inda ayari ke yada kaya. Kakanninmu masu masaukin fataken goro da shanu ne: su ba ɗaki, su ajiye dukiya, su tsaya wa baƙo a ciniki. Malam Bako da ya kafa Sabon Zongo fiye da shekara 100 da suka wuce, mahaifinsa daga Katsina ya taso. A gidan kakarmu akwai ɗakin da ba a barin yaro ya kwana a ciki ko da babu kowa, da randa cike da tabarma a naɗe, don ba a san daren da baƙo zai buga ƙofa ba. Shi ya sa yake mana zafi idan aka jefe mu da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abin da ya sauya kawai, baƙon yau da jirgi yake zuwa, kuma ba lallai ya zama Musulmi ba.

Maganar bishiya kuwa, ba zan ɓoye miki ba, mu ma bakinmu bai zo ɗaya ba. Akwai wanda ba ya sa ta sam, kuma yana rubutawa a tallar gidan tun farko, don kada baƙo ya zo ya ce an yaudare shi. Akwai wanda ke ajiye ta roba a naɗe cikin kwalinta a sito, idan baƙo ya nema a miƙa masa ya kafa da hannunsa. Akwai kuma wanda ke kafawa ya ɗauki hoto, irin wanda ya kai gare ki. A ganina na tsakiyar ya fi, don mai gida bai yi bikin da ba nasa ba, baƙon da ya biya kuɗinsa kuma ba a hana shi nasa ba. Gicciye da mutum-mutumin haihuwar Annabi Isa dai ban taɓa ganin ɗan zango ya sa ba. Abin da akasari muke yi shi ne fitilu farare, da sauya rigunan filon kujera, da kwandon 'ya'yan itace a kan tebur.

Ƙa'idar farko ita ce a tambayi baƙo. Kwana biyar ko bakwai kafin ya iso a tura masa saƙo: yana son a ƙawata gidan ko a bar shi yadda yake, akwai ƙaramin yaro, akwai mai asma? Ba duk mai zuwa a Disamba ne Kirista ba, wani ma rasuwa ce ta kawo shi, ya buɗe ƙofa ya tarar da balan-balan.

Ta biyu, masaukin baƙi ba ɗakin amarya ba ne. Hannun Bahaushiya ya saba da jere, ko'ina ta ga fili sai ta cike shi. A nan wuri uku kawai ake taɓawa: bakin ƙofa, kusurwa ɗaya a falo, da tsakiyar teburin cin abinci. Ɗakin kwana da kicin da banɗaki ba a sa musu komai. Baƙo na bukatar inda zai ajiye akwati da kwamfuta da magani, idan ya tarar an cike kan durowa da kayan ado sai ya kwashe ya tura ƙarƙashin gado, a can suke fashewa. Ga kuma mai shara. Wani baƙon na fita ƙarfe 11 na safe, wani na shiga ƙarfe 3 na yamma, awa huɗu ke nan za ta wanke zannuwa ta goge ko'ina. Duk abin da aka ƙara, ita aka ƙara wa aiki, balle lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya a kan komai cikin yini ɗaya.

Fitilu su ne inda haɗarin yake, a nan zan daɗe. A sayi na LED kawai, wato irin na zamani masu cin wuta kaɗan. Igiya mai tsawon mita 10 da ƙwai 100 ba ta wuce cin wat 5 zuwa 7, ba ta kuma zafi, alhali tsohuwar irin mai ƙwan gilashi tana cin kusan wat 40, tana iya ƙona labule idan ta kwana a jikinsa. Bishiya mai tsayin mita ɗaya da rabi ƙwai 150 zuwa 200 sun ishe ta. Kafin a saya a duba rubutun da ke jikin fulogi. Wutar Gana da ta Najeriya iri ɗaya ce, bolt 230, ta Amurka kuwa 120. Baƙi kan zo da fitilunsu daga can, su nemi ɗan abin da ke sauya bakin fulogi su cusa a soket, nan take igiyar ta ƙone, wani lokaci har da hayaƙi, domin abin bakin kawai yake sauyawa, ba ya rage ƙarfin wuta. In ba a ga an rubuta 100 zuwa 240 ko 220 zuwa 240 ba, kada a sa. Wannan gargaɗin muna rubuta shi a takarda mu manna kusa da soket ɗin falo.

Fitilar waje dole ta zama wadda aka yi don waje, mai alamar IP44, kuma mahaɗar wayoyin kada ta kwanta a ƙasa inda ruwan wanke tsakar gida zai same ta. Ba a jona ekstenshan a jikin ekstenshan. Ba a bi da waya ƙarƙashin kafet, don takawa na cinye robar jikinta ba tare da kowa ya gani ba, ba a kuma matse ta da ƙofa ko taga. A sa fitilun a soket mai agogo, su kama ƙarfe 6 na yamma su mutu 11 na dare, domin baƙo ba ya tuna kashe abin da ba shi ya kunna ba. Sai dai mai agogon juyawa tsayawa yake idan an ɗauke wuta, lokacinsa ya rikice, ku da mu duk mun san wannan ciwon, gara mai ɗan batir a ciki. Dawowar wuta da ƙarfi da sauyawa zuwa janareto suna kashe fitilun, saboda haka a sa ekstenshan mai kariyar hawan wuta.

Kyandir na gaske ba ya shiga gidan, ko baƙo ya roƙa. Akwai na batir mai kama da shi sak, amma a zaɓi wanda murfin batirinsa ke da sukuru, don ƙaramin batir ɗin nan mai kamar kwabo idan yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi. Garin ƙyalƙyali ma an hana: ya shiga kafet da kujera, wata uku ana ganin sa a jikin tufafin baƙi. Ƙwallayen bishiya a sayi na roba, a bar na gilashi. Ita kanta bishiyar a ɗora wa gindinta nauyi, a nisanta ta da hanyar fita da kicin da aƙalla mita ɗaya.

Rataye kaya a bango kuma ba da ƙusa ba, ba da salatif ba, shi salatif tafiya yake da fenti. Akwai ƙugiya mai gam a baya: a goge wurin ya bushe, a danna daƙiƙa 30, a jira awa ɗaya kafin a rataya komai, a jera su tazarar kamu biyu. Wajen cirewa ƙasa ake jan harshen gam ɗin a hankali, ba a fizgo shi waje. Ba ta kama bango mai garin fenti ko sabon fentin da bai yi mako guda ba.

Kin ce a saƙon naki wai auren 'yan ƙasa ne ya jawo mana wannan. Gwaggo, wannan maganar ta fi ta bishiyar ciwo. Gaskiya ne akwai matan ƙabilun Ga da Fante da Ashanti a gidajenmu, tun zamanin kakanni. Da yawansu sun musulunta, su suka goya malamai da limamai, wasu kuma danginsu na nan a coci, muna zuwa musu gaisuwar mutuwa, suna zuwa mana suna. A wurinsu muka koyi abin da baƙo Kirista ke tsammani, su kuma suka san ba a shigo mana da naman alade. Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, a gidan Hausawa ya tashi, duk Gana kuma babu mai ƙin miƙe masa. Ranakun Sallah biyu hutu ne na ƙasa tun zamanin tsohon shugaban ƙasa Rawlings. Kokon da ake sha da safe a Akra da sunanmu ake kiransa. Na yarda yaranmu na cewa "ya zo" ko mace ce ta zo, idan suka je Katsina ana musu dariya har su daina magana a taro. Da za a riƙa gyara musu da taushi da sun fi son zuwa.

To, gidan Ƙofar Ƙaura. Naku ya fi sauƙi, don baƙinku Hawan Sallah da Hawan Bariki ke kawo su, wasu su wuce Daura kallon Hawan Magajiya, ko su dawo lokacin Sallar Gani. Wanda ya zo ganin dawaki a Ƙofar Soro ba kayan Dubai yake son tararwa a falo ba. Faifai uku ko biyar masu launi a bango ɗaya, tabarma mai kyau, tumtum na fata guda biyu, ƙwarya mai zane da dabino a ciki, sun isa. A kowane ɗaki a ajiye darduma wankakkiya da buta, a manna alamar alƙibla a kusurwar silin. Allunan ayoyi ni ba na son a rataya su a gidan haya, domin ba ku san wanda zai shiga ba, ba ku san abin da zai yi a gabansu ba. A mayar da su gidan da kuke zaune.

Turaren wuta a yi shi ana gobe baƙo zai zo, a rufe ɗakin awa ɗaya, a buɗe tagogi, a fitar da kaskon daga gidan gaba ɗaya. Ƙamshin zai zauna a labule. Idan aka bar kasko, baƙo zai hura gawayi a kan kafet, ko hayaƙin ya tayar da ƙararrawar gobara ya cire mata batir ya manta. Ita ƙararrawar a sa ɗaya a falo ɗaya a hanyar ɗakuna, a danna maɓallin gwajinta kafin kowane baƙo, a rataya tukunyar kashe gobara a bakin kicin.

Sallah a 'yan shekarun nan cikin bazara take faɗowa, kin fi ni sanin zafin Katsina. Gam na saki a irin wannan zafi, balan-balan na fashewa da kansu, saboda haka faifan nan gara a sa kafinta ya kafa katako siriri guda ɗaya a bango, a riƙa rataya komai a jikinsa kowace shekara. Da an gama shiri a ɗauki hoton kowace kusurwa, a rubuta adadin kayan a takarda, mai shara ta riƙa dubawa. Hoton talla kuma a rubuta a ƙarƙashinsa cewa adon Sallah ne, don kada mai zuwa a watan Agusta ya nemi abin da aka riga aka kwashe. Kwana uku bayan hawa na ƙarshe a sauke komai. Fitilu a naɗe kowace igiya a jikin guntun kwali don kada ta sarƙe, a cire batura, faifai da kayan fata a sa su a akwatin roba mai murfi, a ɗora a kan kanta saboda gara.

Idan za ki turo min hoton falon da na soket ɗin da ke ciki, sai in nuna wa yaran inda za su bi da waya. A gaishe min da mutanen gida.