Tambaya da Amsa: Tsohuwar Taswirar Gonaki da Neman Asalin Dangi a Kansas

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aure a Amurka, kuma kakannin maigidana 'yan Nicodemus ne a jihar Kansas. A cikin kayan marigayiya surukata mun tsinci takarda mai sunan kakan kakansa, an rubuta "NW¼ Sec. 14, T8S, R21W". Mene ne wannan, kuma zai kai mu ga danginsu? — Wata mai karatu, Minnesota

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba ku haƙurin rashi. Adireshin gona ne a hannunki, kuma daga ƙarshe ake karanta shi zuwa farko.

Tun dokar 1785 Amurka ta riƙa yanka ƙasar yamma murabba'i-murabba'i, kowanne mil 6 a tsaye, mil 6 a kwance. T8S na nufin layi na takwas kudu da iyakar Kansas da Nebraska, R21W kuma na 21 yamma da layin da ake fara ƙirga daga gare shi. Wannan ya faɗa cikin gundumar Graham, inda 'yantattun bayi daga Kentucky suka kafa Nicodemus a 1877. Kowane murabba'i an raba shi sashe 36 (sashe shi ne "Sec." a takardarki), kowane sashe eka 640. NW¼ shi ne rubu'in arewa maso yamma na sashen, eka 160, kusan hekta 65. Daidai abin da dokar rabon filaye ta 1862 ke bai wa wanda ya zauna a fili ya noma shi shekara biyar.

A lambar sashe ake yawan ɓata. Na 1 yana kusurwar arewa maso gabas, a ƙirga zuwa yamma har 6, a sauko layi na biyu a juyo gabas daga 7 zuwa 12, a sake juyawa, kamar kai-komon garmar shanu a gona. Saboda haka sashe na 14 yana layi na uku, shi ne na biyu daga gabas.

Da kin gane wurin, sai ki nemi kundin taswirar gundumar. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 kamfanoni irin su Ogle na Chicago sun buga irin waɗannan kundaye, an rubuta sunan mai kowace gona a kan filinsa, da alamar gida, makaranta, coci da maƙabarta. Ƙungiyar tarihi ta jihar Kansas ta sa da yawa a intanet.

To, kada ki tsaya a kan sunan kakan kawai. Ki kwafe sunayen duk gonakin da ke sashe na 14 da sassa takwas da ke kewaye da shi. A zamanin da tafiya sai da doki ko ƙafa, ba a zuwa nesa neman aure, kuma 'yan'uwa kan ɗauki filaye kusa da juna. Sunan gidan su matarsa, wanda ya ɓace bayan aure, sau da yawa yana nan a gonar da ke maƙwabtaka. Maƙabartar da ta fi kusa ita za ku fara dubawa.

Daga nan ki shiga shafin tsoffin takardun fili na hukumar BLM, mai kula da filayen gwamnatin Amurka, ki sa lambobin, ki ga takardar mallakar. Amma fayil ɗin da ke ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa ya fi ta amfani nesa ba kusa ba. A ciki akwai bayanin mutumin da bakinsa: yaushe ya tare, su wa ke gidansa, girman ɗakin da ya gina, eka nawa ya nome, sannan da shaidar mutum biyu da suka san shi. Ki gwada sunayen shaidun da na taswira. Abu ɗaya: shekarar da ke kan takardar mallaka ba ita ce shekarar zuwansa ba, ki koma baya shekara biyar ko fiye.

TAMBAYA: Malam, abokina ya tabbata kakanninsa sun yi noma a wani ƙauye a Kansas, amma babu sunansu a taswirar. Ko labarin ne ba daidai ba? — Wani ɗalibi daga Kaduna

AMSA: Ba lallai ba, Malam. Taswirar mai fili take nunawa, ba mazauni ba. Ɗan haya da ɗan ƙwadago ba sa fitowa, ko da sun shekara ashirin suna noma wurin. Kuma hoton shekara ɗaya ce: wanda fari ko bashi ya kora kafin a buga ta, sunan wanda ya sayi gonar za a gani, wani lokaci ma sunan banki.

Ya duba ƙidayar jama'a. Ta tarayya ta 1890 gobara ta lalata yawancinta a 1921, amma Kansas ta yi tata duk shekara goma daga 1865 zuwa 1925, don haka ta 1885 da ta 1895 na cike gurbin. Mai ƙidaya gida-gida yake bi. Idan sunan kakan ya faɗo tsakanin mutum biyu da ke kan taswira, to mai yiwuwa a kusa da gonakinsu ya zauna. In kuwa daga kamfanin jirgin ƙasa ko wani mutum ya sayi filin, ba zai bayyana a shafin BLM ba, sai a ofishin rajistar filaye na gundumar. Ya kuma gwada sunan ta rubutu biyu ko uku, domin masu zanen yadda suka ji suke rubutawa.

TAMBAYA: Haka tsarin yake a Kanada? — Mai karatu, Saskatoon

AMSA: Kusan haka, murabba'i da sashe 36, amma a Manitoba, Saskatchewan da Alberta sashe na 1 yana kusurwar kudu maso gabas, ƙirgan ya hau arewa. Wanda ya ɗauki ƙirgan Amurka ya kai can zai tsaya a gonar wani. Dokarsu ta 1872 ma shekara uku ta gindaya, da kuɗin rajista dala 10.