Na ɗaga kan filash sama, hotunan biki sun fito da duhu

Tambaya: Malam, barka da aiki. Makon jiya na ɗauki hotunan dinar biki a wani zaure. Na ɗaga kan filash yana kallon silin kamar yadda nake gani ana yi, amma hotunan suka fito da duhu. Oganmu ya ce in rage saurin shota (ƙofar da ke buɗewa haske ya shiga kyamara) zuwa 1/20 na sakan, sai kuma amarya ta fito dishi-dishi. Uwar amarya tana ta kira, ni kuwa kunya ta hana ni kai aikin. Ina kuskuren yake?

Amsa: Kwantar da hankalinka ƙanina, kyamararka lafiyarta lau. Hanya ce ta yi wa hasken nisa. Amarya tana mita 3 daga gare ka, amma hasken da ka aika sama sai ya je silin ya dawo, a ce mita 6. In nisa ya ninka, abin da ke isa fuskarta rubu'i ne kacal, kuma silin ɗin ma sai ya ci nasa rabon. Sai ka biya bashin: ISO (ƙarfin karɓar haske na kyamara) daga 200 zuwa 800, ka ƙara buɗe lens daga f/5.6 zuwa f/4. In kana kan TTL, wato kyamara ce ke auna wa filash wuta da kanta, farar rigar amarya tana yaudarar kyamara ta rage wuta, don haka ƙara wa filash +1.

Maganar oganku kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Shota ba ta ƙara hasken filash. Walƙiyar takan ƙare cikin kusan 1/1000 na sakan. Ko ka bar shota a buɗe har gari ya waye, abin da filash ya bayar ya riga ya bayar. Abin da ka ƙara da 1/20 shi ne hasken zauren, fitilun nan shuɗaye da jajaye na masu kwalliyar wuri, ga rawar hannunka, ga amarya tana juyi ana mata liƙi. Mutum ya shekara goma da kyamara a wuya, bai taɓa tsayawa ya gwada ba, amma yana tara yara yana koya musu. Gwada a ɗakinka da dare: kashe fitila, sa filash a manuwal, ɗauka a 1/60, sake ɗauka a 1/200. Hasken ɗaya ne. Kada dai saurin shota ya wuce 1/200 ko 1/250, gwargwadon kyamararka, in ba haka ba baƙin layi zai yanke maka hoton.

Irinsu ne za ka gani a filin kamu da dare sun ɗaga filash yana kallon sararin Subhana. Wa zai dawo musu da shi, taurari?

Kafin ka fara aiki, ɗaga kai ka dubi silin. Farin POP mai kusa shi ake so. In ya yi tsawo, ko an lulluɓe shi da jan yadi, juya kan filash ga farin bango a gefenka, don launin da hasken ya taɓa shi zai shafa wa fuska.

Hotunan da ke hannunka kuwa, masu duhun za su tashi a kwamfuta in RAW ka ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta matse ba. Na dishi-dishin ba su da magani, cire su kafin ka kai wa Hajiya.