Tambaya da Amsa: Dole ne sai na fita waje na yi shekarar onas a fiziks?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce ina lebul 300 a sashen fiziks a wata jami'a nan Kano, kuma tun ina sakandare ba abin da ke raina irin ilimin sararin samaniya. To na gani a intanet wai a Afirka ta Kudu da Ostareliya akwai wata shekara daban da suke kira onas, ta bincike zalla kafin mastas. Shin in na gama dole sai na je na yi ta? Ga shi mu ko na'urar hangen taurari ba mu da ita. Ƙanwarku daga Gwale.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yi wa karatu albarka. A'a, ba dole ba ne. Su can digirin farko na kimiyya shekara 3 ne, sai wanda ya ci maki mai kyau ya ƙara shekara ta huɗu, ita ce onas ɗin, kuma ba bincike zalla ba ce, akwai kwasa-kwasai masu zafi sannan ga furojek a ƙarƙashin malami guda. Mu kuma namu shekara 4 ne tun asali, wato lebul 400 da za ki shiga baɗi da furojek ɗin da ke cikinsa, kusan shi ne onas ɗinki. Matsalar dai mu ba ma ɗaukarsa da wannan darajar, sai ka ga ɗalibi ya je shagon kwamfuta an sauya wa tsohon furojek suna an buga masa, an yi difens an tashi. Don Allah kar ki bi wannan layin, domin aikin nan shi ne abu na farko da malamin waje zai tambaye ki a kai.

Maganar rashin na'ura kuwa kar ta hana ki barci. Yawancin masu binciken taurari a yau ba sa leƙa komai da ido, a gaban kwamfuta suke wuni suna tace bayanai, kuma bayanan da yawa kyauta ne. Tauraron ɗan Adam na TESS da NASA ta harba a 2018 yana auna hasken taurari, in wata duniya ta gifta gaban tauraronta hasken yakan ɗan ragu kaɗan sannan ya dawo, to daga zurfin raguwar nan ake lissafa girman duniyar, daga maimaituwarta kuma a san kwana nawa take yi tana zagaye. Wannan aiki ne da laftof da Python (yaren rubuta manhajar kwamfuta) da data za ki iya yinsa a ɗakinku, in dai wuta ta bari. Akwai kuma bayanan Gaia, wani tauraron ɗan Adam na Turawa da ya auna taurari sama da biliyan ɗaya.

In kuma kin duba sashenku ba malamin da ya karanci wannan fannin, ki nemi mai aiki kan saman iska, wato ayonosfiya, Najeriya tana ƙarƙashin layin tsakiyar maganaɗisun duniya shi ya sa malamanmu suka daɗe suna bincike a kai. Ko ki ɗauki lissafin ganin jinjirin wata, ni wannan ya fi burge ni wallahi, kullum azumi da sallah sai an yi ta musu a gari alhali abu ne da ake lissafawa, tazarar wata da rana da kuma mintuna nawa yake yi a sama bayan faɗuwar rana, in tazarar ta gaza wajen digiri 7 ido ba ya kama shi. Irin wannan furojek ko a gida ba wanda zai ce duba kike koyo.

To yaushe onas ɗin waje take da amfani? In digirinki fiziks ne tsantsa ba kwas ɗin taurari ko ɗaya. Afirka ta Kudu suna da shirin koyar da ilimin taurari da sararin samaniya mai suna NASSP da aka fara a 2003 a Jami'ar Cape Town, suna yin onas da mastas, kuma ƙasar ce ke da babbar na'urar hangen taurari ta SALT a Sutherland da na'urar kama siginar rediyo daga sararin samaniya ta MeerKAT mai faranti 64 da aka buɗe a 2018. Sai hukumarsu ta tantance takardun karatu, wato SAQA, ta auna takardarki, jami'ar kuma tana iya cewa ki fara da onas kafin mastas, in hakan ta faru kar ki ɗauka an mayar da ke baya ne. Akwai kuma diflomar shekara ɗaya ta ICTP a Trieste ta Italiya, cibiyar nazarin fiziks da Abdus Salam ya kafa a 1964, da mastas ɗin AIMS, cibiyar ilimin lissafi ta Afirka, duka biyun suna ɗaukar nauyin wanda suka zaɓa. A gida kuma Jami'ar Nsukka tana da sashen fiziks da ilimin taurari, ga cibiyar kimiyyar sararin samaniya ta NASRDA, hukumar Najeriya mai kula da fannin, a garin.

Abin da duk za su duba shi ne makinki, musamman lissafi da kwantom da ilektiromagnetizim, sai wasiƙar malaman da suka san aikinki da gaske, don haka tun wannan zangon ki fara zuwa ofishin wanda kike so ya zama sufabaizanki, kar ki jira a raba sunaye. Ki kuma tuna zangon Afirka ta Kudu a farkon shekara yake farawa, wajen Fabrairu, ana neman gurbi tun shekarar da ta gabata, sai ki lissafa da bautar ƙasa, kuma ki nemi tiranskirif da wuri don yana iya ɗaukar lokaci.