Kawu, ga yadda maganar mata take a cocinmu na Ingila

Kawu, gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kuna lafiya, ku da dukan mutanen Wusasa. Saƙonku ya iso. Kun ce tun da aka sanar a watan Oktoba na 2025 cewa Sarah Mullally ce za ta zama Akbishop na Kantabari, wato babbar shugabar limaman cocin Ingila, mace ta farko a wannan kujera, maganar ta ƙi mutuwa a bakin dattawa, kuma kuna so ku ji ko mu 'yan Arewa da ke zaune a nan mun bi Turawa mun yar da Littafi Mai Tsarki. Zan faɗa muku yadda abin yake, har da inda kanmu ya rabu.

Abin bai faɗo rana ɗaya ba. A Nuwamban 1992 majalisar cocin Ingila ta yarda a naɗa mata limamai, a Maris na 1994 kuma aka keɓe mata 32 na farko a birnin Bristol. Maganar naɗa mace bishop ta ci wasu shekaru ashirin ana ja. A 2012 an kaɗa ƙuri'a ta faɗi, sai a 2014 ta wuce, aka keɓe Libby Lane, mace bishop ta farko a cocin Ingila, a Janairun 2015. Ita Mullally ma'aikaciyar jinya ce tun asali, ta kai har shugabar ma'aikatan jinya ta Ingila kafin ta koma aikin coci gaba ɗaya, ta zama Bishop na Landan a 2018. Waɗanda lamirinsu bai yarda ba kuwa, ba a kore su ba. Ikilisiyar da ba ta son mace ta shugabance ta tana da damar rubutawa ta nemi limami namiji da bishop namiji, kuma akwai bishop-bishop da aka ware don wannan. Na san Cocin Angilika ta Najeriya, ƙarƙashin Akbishop Henry Ndukuba, ta fito ta ƙi naɗin Mullally, kuma dalilinta ya haɗa da matsayin matar a kan sa wa masu auren jinsi albarka. Wannan magana ce daban, ina roƙonku kada a cuɗa ta da ta mata, domin da yawa cikinmu da suka yarda da ɗaya ba su yarda da ɗayar ba.

Mu masu sujada da Hausa ba mu da yawa, kuma a warwatse muke. Ran Lahadi kowa yana shiga cocin da ke kusa da shi, wasu Angilika, wasu Baftis, wasu Redeemed, inda dama tun daga gida mata suna riƙe da ikilisiya a matsayin fasto. Sai lokaci-lokaci mu taru a gidan ɗayanmu, mu yi waƙoƙin Littafin Waƙoƙi, mu ci tuwo. A wannan zaman akwai dattijon da ya tashi a ECWA wanda har yau ba ya karɓar Jibin Ubangiji daga hannun mace, gara ya hau bas ya tsallaka gari. Hujjarsa wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura 2, inda ya hana mace koyarwa da iko a kan namiji. Ba na raina shi, mutum ne mai tsoron Allah. Amma ni idan na buɗe Romawa sura 16, Bulus ɗin nan ne yake yaba wa Fibi mai hidima a ikilisiyar Kankiriya, yake kiran Biriskila abokiyar aikinsa, ita da ta zaunar da Afolos tare da mijinta suka ƙara fahimtar da shi hanyar Allah. Kuma Maryamu Magadaliya ce Ubangiji ya fara aika da labarin tashinsa. Na zauna a ƙarƙashin wa'azin mace limamiya shekara da shekaru, Almasihun da aka koya mini a makarantar Lahadi a gida shi take wa'azinsa.

Sai dai, Kawu, ba a kan bagade abin ya fi taɓa mu ba. A cikin gida ne. Iyalai da yawa da suka zo a 'yan shekarun nan, matar ce ta sami aikin jinya ko na kula da tsofaffi, bizar da sunanta take, mijin ya biyo ta. Tana shiga aikin dare na awa goma sha biyu. Babu 'yar aiki, babu ƙanwar miji, babu kaka a tsakar gida, kuɗin kai yaro gidan reno kuma yana iya cinye rabin albashi. To wa zai yi wa yara wanka ya kai su makaranta? Mutumin da a Zariya bai taɓa ɗora tukunya ba, yanzu shi ke tuƙa tuwo, yana goya jariri a ƙirji. Wasu sun karɓi abin da hannu biyu, gidajensu kuma sun zauna lafiya. Wasu abin yana ci musu rai, suna ganin girmansu ya zube, sai su koma su riƙe aya ɗaya ta Afisawa sura 5, wadda ta ce mata su yi biyayya, su manta da ta gabanta da ta ce a yi wa juna biyayya, da ta bayanta da ta ce miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ba da ransa domin ikilisiya. Akwai kuma matan da albashi ya hau musu kai suka shiga wulaƙanta mazajensu. Wannan ma zunubi ne, muna kuma faɗa musu a zumunta ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Dokar ƙasar nan ba ta wasa da abin da mu kan kira sha'anin cikin gida. Tun 1991 kotu ta yanke cewa miji na iya zama mai laifin fyaɗe a kan matarsa. Tun ƙarshen 2015, ko ba duka, miji ya riƙe katin bankin matarsa, ya hana ta fita, ya raba ta da danginta, ya riƙa tsorata ta, laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Kowace ikilisiyar Angilika tana da wanda aka ɗora wa alhakin kare yara da masu rauni, kuma limami ba ya iya binne irin wannan ƙara. Na san a gida ana cewa dokar Turawa ce ke kashe aure. Ni abin da na gani shi ne, auren da duka ya riga ya kashe ne dokar ke fito da gawarsa. Mata nawa muka sani a gida da aka mayar ɗakin miji da kumburarriyar fuska, dattawa suna cewa ki yi haƙuri, ki ƙara addu'a, ba wanda ya kira mijin ya ɗora masa horon ikilisiya? Wannan ya fi maganar Kantabari ci mini tuwo a ƙwarya.

Ba na cewa duk abin da masu fafutukar 'yancin mata na nan suke faɗa daidai ne. Akwai masu kallon aure da haihuwa kamar kurkuku, masu ganin duk macen da ta ɗaura ɗankwali ta je coci an danne ta. Ba ma tare da su, kuma muna koya wa 'ya'yanmu mata gaida manya da girmama miji. Amma yaran nan suna da ido. Idan muka kawo su hutu, suna ganin Zumuntar Mata ta cika coci da anko da kiɗan tulu, su ne masu ziyarar marasa lafiya, masu dafa abincin biki da na makoki, masu tara kuɗin rufin kwano. Sannan su ga an shiga ɗaki za a yanke yadda za a kashe baiko, ko a saurari matar da aka daka, mazan ne suka fi yawa, kuma muryarsu ce ke yanke magana. Suna tambayarmu dalili, kuma cewa haka muka tarar ba ya isarsu.

A ƙaramin taronmu mun tsai da abu biyu. Ba a zaman sulhun ma'aurata sai da manyan mata biyu a ciki, kuma su fara jin matar ita kaɗai kafin a shigo da mijin. Idan kuma akwai duka ko barazana, ba mai ce mata ta koma ɗaki sai an tabbatar ranta da na yara ba sa cikin haɗari, ba kuma mai hana ta kiran 'yan sanda. Dattijon nan mai tsallaka gari don Jibin Ubangiji yana cikin waɗanda suka fara ɗaga hannu suka yarda. Wannan ba ya bukatar a naɗa mace ko ɗaya limamiya, Kawu, kuma shi nake roƙonku ku kai gaban majalisar ikilisiya a zamanku na gaba.