Ku Tambayi Baba Likita: Wai magen Farisa aka sayar mana?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Likita. Makon jiya maigidana ya saya wa yara ɗan kyanwa a hannun wani saurayi da ke talla a WhatsApp, a kan naira 30,000. Ya ce irin na Farisa ne, namiji, ɗan sati biyar, wai uwarsa ma daga waje aka kawo ta. Gashinsa buzu-buzu, launi uku, fari da baƙi da ruwan goro, idanunsa shuɗaye. Yara sun sa masa suna Sarki. Ƙanwar maigidana ta zo ta gan shi, ta ce wallahi an yi mana wayo, magen bola ce. Ga hotuna nan, a raba mana gardama. Sannan madarar gari nake dama masa, amma tun shekaranjiya yake zawo. Daga Maman Ilham, Tudun Jukun, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin mu kama hanyar Farisa, sai an sake raɗin suna. Sarkin naku mace ce. Dama mu Zazzagawa an daɗe ana yi mana ba'a cewa ba mu raba namiji da mace a magana, to ga shi abin ya kai har kan kyanwa. Duk magen da kika gani ta haɗa baƙi da ruwan goro a jiki ɗaya, kusan kullum mace ce. Dalili kuwa, launukan nan biyu a kan ƙwayar gado guda suke hawa, wadda masana ke kira X. Mace tana da ita biyu, sai ɗaya ta ɗauko baƙi ɗaya ta ɗauko ruwan goro. Muzuru guda ɗaya gare shi, ko wannan ko wancan. Akan samu namiji mai launi uku jefi-jefi, amma ni tunda nake aikin nan ban taɓa riƙe shi a hannuna ba. Ki ɗaga wutsiyarta ki duba: idan ƙofofin biyu suna dab da juna, na ƙasan kamar 'yar tsaga, magana ta ƙare. A ce mata Sarauniya, ƙasar Zazzau ba yau ta fara ganin sarauniya ba.

Shuɗin ido kuma kada ya ruɗe ki. Kowane ɗan kyanwa da shi yake buɗe ido, har wanda aka haifa a bayan murhu. Daga sati shida zuwa bakwai launin ke fara juyawa, wajen wata uku sai ki ga ya koma kore ko ruwan ɗorawa ko ruwan zuma. Masu talla sun san haka sarai, shi ya sa suke gaggawar ɗaukar hoto tun ido bai juya ba.

Na sa tabarau na duba hotunan nan uku. A wanda Ilham ta rungume ta, fuskar ta fito ta gefe, kuma shi ne ya fi yi mini amfani. Magen Farisa kanta zagaye yake kamar ƙwarya, hancinta gajere, a wasu ma har ya lotsa ciki tsakanin idanu, kunnuwa ƙanana can gefe-gefe, ƙafafu gajeru masu kauri. Taku hancinta ya miƙo gaba, kunnuwa a tsaye masu tsini, ƙafafu sirara. Ban ga Farisa a nan ba. Abin da na gani shi ne 'yar kyanwar gida wadda wataƙila za ta yi dogon gashi, don akwai gashi da ya leƙo daga cikin kunnenta, wutsiyar ma ta fara cika. Na ce wataƙila, saboda 'yan kyanwa da yawa sukan yi buzu-buzu suna ƙanana, daga baya gashin ya kwanta luf.

Ko da dogon gashin ya tabbata, bai mai da ita 'yar Farisa ba. Gadonsa ɓoyayye ne, sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi yake fitowa, kuma su kansu suna iya zama masu gajeren gashi. Akwai wata mage da ta zauna mana shekaru a gidanmu na Gyallesu, toka-toka mai zane, irin wadda kowa ya sani a kan katanga. Wata shekara da hunturu ta haihu a cikin tsohon kwandon uwargida, 'ya'ya huɗu, babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa: ɗaya baƙi ƙirin, biyu masu zane, na huɗun fari da toka, gashi kamar an barbaɗa masa auduga. Da ina da son kuɗi, da na sayar da shi da sunan ɗan Turai. Mage takan sadu da muzuru fiye da ɗaya a lokaci guda, sai a samu ciki ɗaya uba daban-daban.

Shi wannan zancen iri ma bai daɗe ba a wajen kyanwa. Asalin ta gida daga kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya ta fito, ta biyo ɓera zuwa rumbu, mutane suka bar ta. Sai a ƙarni na 19 Turawa suka shiga ware su suna rubuta asali, har aka yi babban baje kolin kyanwoyi a Landan a 1871. Mafi yawan kyanwoyin duniya ba su cikin kowane iri. Wadda ake kira 'yar iri ita ce wadda aka san uwarta da ubanta da kakanninta a rubuce. Saboda haka maigida ya kira saurayin nan ya ce yana son ganin uwar da idonsa, tana shayar da sauran. In ya fara kame-kame, kin samu amsarki. Ƙanwar maigida ta yi gaskiya rabi, sai dai kalmar bola ta yi tsauri.

Ni har na taya ku murna. 'Yar Farisa ta gaske sai an taje ta kullum, in ba haka ba gashin ya dunƙule. Idonta ba ya rabuwa da hawaye saboda lotsattsen hancin, zafin Maris da Afrilu na garin nan kuwa wahalar da ita yake yi ƙwarai.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne layin ƙarshe. Sati biyar ya yi wuri a raba ta da uwa, ƙa'ida a bari ta kai sati takwas ko fiye. Madarar shanu, ta gari ko ta gwangwani, cikin kyanwa ba ya narkar da ita da kyau, ita ce nake zargi da zawon nan. Ki daina yau. Ki dafa kifi ko kaza babu gishiri, babu albasa, babu magi, ki cire ƙaya tsaf, ki marmasa da ɗan ruwan ɗumi, ki riƙa ba ta kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a yini, da ruwa mai tsabta a gefe. Zawo yana saurin kayar da ƙaramar dabba, don haka kada ya sake kwana biyu ba ku kai ta asibitin dabbobi ba. Akwai na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. A can za a auna ta, a ba ta maganin tsutsar ciki daidai nauyinta, a faɗa muku ranar rigakafi, har da na ciwon haukan kare idan ta kai wata uku, tunda yara ne ke wasa da ita, kuma ba kowace ce kyanwar Lami ba.

Kada kowa ya ba ta farasitamol, ko ɓarin ƙwaya. Guba ne a jikin kyanwa, kashe ta yake yi. Ki faɗa wa yaran, ki faɗa wa mai aiki.

In ta cika wata uku ki sake turo mini hoto, ta gefe, a tsakar gida da rana, wutsiya a waje. Ki rubuto mini kuma abin da saurayin ya ce da aka nemi ganin uwar.